Kafin a jinginar da gona saboda biza: kura-kuran da ke kada masu sana'a wajen tantance ƙwarewa



Da zarar an ɗaure dammunan hatsi, an tone aya an zuba a buhu, kowa ya san abin da ke biyo baya a ƙasar Agiye da Gazawa da Gidan Runji: samari su saɓa jaka su tafi biɗa. Kakanni sun yi ta zuwa Kano da Ikko da Abijan, na bayansu suka ƙara da Libiya da Aljeriya. Irin wannan tafiya ba ta neman komai sai lafiyar jiki da kuɗin mota.

To, ƴan shekarun nan wata tafiya ta daban ta shigo hirar majalisa da saƙonnin WhatsApp. Ana cewa Kanada na neman masu jin Faransanci, Jamus na neman masu walda da masu aikin lantarki, Ingila da Saudiyya na neman ma'aikatan jinya. Akwai gaskiya cikin maganar. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, kafin a kai ga biza akwai wata ƙofa da ake tsayawa, ita ce tantance ƙwarewa. A bakin wannan ƙofa dosiye da yawa ke faɗuwa, bayan an riga an saida sa, ko an jinginar da gonar gado.

Me ake nufi da tantance ƙwarewa?

Ƙasar da za ta ba ka izinin zama don sana'arka tana son ta tabbatar da abu uku: ka yi karatun da ka ce ka yi, ka yi aikin da ka ce ka yi, kuma karatun da aikin sun kai mizanin da ake nema a can. Kowace ƙasa da yadda take yin nata.

A Kanada, tsarin da ake kira Express Entry ya fara aiki a 2015. Wanda ya yi karatu a waje sai ya kai takardunsa ga ɗaya daga cikin ƴan hukumomin da gwamnati ta amince da su, wadda aka fi sani ita ce WES, ta auna su da na Kanada. Shekarun aiki kuwa jami'in shige da fice ne ke duba su da kansa. A Jamus akwai dokar amincewa da takardun sana'a na waje tun 2012: masu aikin hannu ƙungiyoyin sana'a ke duba nasu, takardun jami'a kuma akwai ofishin ZAB a birnin Bonn. A Ostireliya kowace sana'a da hukumarta, TRA ta masu aikin hannu, ANMAC ta ma'aikatan jinya da ungozoma, injiniyoyi ma da tasu. A Ingila majalisar ma'aikatan jinya, NMC, tana yin jarrabawa biyu, ta kwamfuta da ta gwaji a aikace. Saudiyya ta fara jarraba masu sana'o'i irin su lantarki da famfo da walda a 2021, ma'aikatan lafiya kuma wani kamfani mai suna DataFlow ke bin takardunsu har makarantar da ta bayar.

Sunaye daban-daban, amma abu guda ya haɗa su: takarda ake fara gani kafin a ga mutum. Ma'aikacin da ke zaune a Toronto ko Bonn bai taɓa ganin ƙofar ƙarfen da ka haɗa a Caduwa ba, bai san duk motar da ta lalace tsakanin Gazawa da Tasawa kai ake kira ba. Abin da ke gabansa takardu ne. In sun yarda da juna ya wuce da kai, in sun saɓa ya ajiye. Saboda haka aikin ba a intanet yake farawa ba. A gidan magajin gari yake farawa, da makarantar da ka yi, da shagon maigidanka.

Kuskure na farko: mutum guda, suna uku

Wannan shi ya fi kama mutanenmu na bakin iyaka. A Nijar ana rubuta suna da rubutun Faransanci, a Najeriya da na Ingilishi. A ce yaro an haife shi a Gangara, takardar haihuwa ta fito da Aboubacar Issoufou. Ya ƙetara wajen kawunsa a Katsina ya yi sakandare, takardar WAEC ta fito da Abubakar Yusuf. A wurinmu mutum guda ne, ko jariri ya sani. A wurin mai tantancewa mutum biyu ne, sai ka kawo hujja. Haka Mahamadou da Mahamane da Mamane: a gida duk kira ɗaya ne, a takarda kowane daban.

Akwai kuma jerin sunan. Mu sunan yanka muke sawa, sannan na uba, wani lokaci har na kaka. Takardun cikewa na Turawa suna tambayar sunan iyali daban, sunan mutum daban. Yau ka sa na uba a gurbin iyali, gobe ka sa naka, ka rikita dosiyenka da hannunka. Ƙa'ida guda ce: yadda fasfo ya rubuta, haka za ka rubuta ko'ina, harafi da harafi. Ke ma ƴar uwa, in wasu takardunki na ɗauke da sunan mahaifi wasu na maigida, takardar aure ce za ta haɗa su.

Sai ranar haihuwa. Da yawa cikinmu ba a yi mana takarda ranar suna ba, sai daga baya aka je kotu aka yi ta shaidu, wadda ake kira jugement supplétif. Wani an rubuta masa "né vers", wato wajen shekara kaza, wani an ba shi 1 ga Janairu. Wannan ba laifi ba ne, muddin ranar guda ce a duk takardu. Inda matsala take shi ne wanda aka rage wa shekaru don shiga lakwal ko don wata gasar ɗaukar aiki, ya zama takardar BEPC na faɗin wata shekara, fasfo na faɗin wata.

Maganin: shimfiɗa tabarma, jera takardar haihuwa, katin ɗan ƙasa, fasfo, takardun makaranta da na aiki, ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Inda suka saɓa, a je kotu ko makarantar da ta yi kuskuren a gyara ta hanyar doka, ko a samo takardar hukuma mai shaida cewa sunayen na mutum guda ne. Kada ka kuskura ka goge ko ka gyara da biro. In takardar cikewa ta tambayi ko ka taɓa amfani da wani suna, faɗi. Ɓoyewar ita ce laifi, ba bambancin rubutun ba.

Kuskure na biyu: hannu ya iya, takarda ba ta sani ba

Yawancin maginanmu da makanikai da teloli da masu walda a shago suka koya. Yaro ya shiga aparanti yana ɗan shekara goma sha biyu, ya yi shekara bakwai ko takwas, maigida ya sa masa albarka ya buɗe nasa. Ilimi ne na gaske, amma ba shi da takardar gwamnati, kuma nan gizo ke saƙar.

Ɗauki Jamus. Katin neman aiki da ta fito da shi a watan Yuni na 2024, wanda ake kira Chancenkarte, yana neman takardar jami'a, ko ta koyon sana'a na aƙalla shekara 2 wadda gwamnatin ƙasar da aka yi karatun ta amince da ita. Shekara goma a garejin maigida ba ta maye gurbin wannan. A Kanada akwai hanya ta masu aikin hannu wadda ba ta tilasta takardar makaranta, amma tana neman shekara 2 na aiki cikin shekara 5 da suka wuce, da sakamakon jarrabawar harshe, sannan ko dai tayin aiki na gaskiya na aƙalla shekara guda, ko takardar ƙwarewa daga hukumar wani lardi na Kanada.

Don haka mai sana'ar da ke da wannan buri, matakinsa na farko a gida yake. A je cibiyar koyon sana'a ta CFM mafi kusa, ko ofishin kula da koyar da sana'o'i na gunduma, a tambayi yadda mutum zai kai ga takardar gwamnati irin CAP ko BEP. Ɗiyan da ke karatu yanzu, masu sha'awar aikin hannu, akwai makarantu irin Lycée Technique Dan Kassawa a Maraɗi. Waɗanda ke zaune Najeriya akwai jarrabawar NABTEB da gwajin sana'a na ma'aikatar ƙwadago. Hukumar can ce za ta yanke ko takardar ta kai mizaninta, amma wanda ba shi da ko ɗaya, a wurare da yawa ba a ma buɗe masa dosiye.

A kula kuma da bambancin takarda da takarda. Shaidar halartar horon sati biyu ko wata uku da wani furoje ya shirya tana da amfaninta, amma ba diflom ba ce. Makaranta mai zaman kanta ma, kafin ka biya kuɗin rajista tambayi ko gwamnati ta amince da ita da kuma fannin da za ka karanta, kuma ko takardar ƙarshe ta gwamnati ce, kamar BTS na ƙasa, ko ta makarantar ce kawai. Masu tantancewa abin da suke fara dubawa ke nan.

Kuskure na uku: zaɓen sunan aiki don ya yi daɗin ji

Kanada da Ostireliya kowace na da kundin sana'o'i, kowace sana'a da lambarta da jerin ayyukan da mai ita ke yi. A Kanada lambar na da alƙaluma 5. Kai za ka zaɓi wadda ta dace da kai, kuma ba sunan muƙami ake dubawa ba, aikin da kake yi kullum ake dubawa.

A gida duk mai taɓa waya injiniya ne, duk mai farar riga a asibiti likita ne. In kai mai haɗa wayar gida ne ka zaɓi lambar injiniyan lantarki don an ce ita ake nema, za a nemi takardar jami'a da ayyukan injiniya, ba ka da su, an ƙi dosiye, kuɗi sun tafi. In ke mataimakiyar jinya ce, kada wani ya rubuta miki cikakkiyar ma'aikaciyar jinya. Karanta jerin ayyukan da kyau, ko ka sa wanda ya iya ya karanta maka ya fassara, ka tambayi kanka: yawancin abubuwan nan ina yin su? In amsar a'a ce, ba lambarka ba ce.

Kuskure na huɗu: takardar maigida mai layi biyu

"Wane yaron kirki ne, ya yi aiki tare da mu, ba mu taɓa samun shi da laifi ba." Wannan takarda ta isa neman aure, amma ba ta isa tantancewa ba. Abin da ake so a gani: sunan ma'aikata da adireshi da lambar waya a saman takarda, sunan aikinka, ranar farawa da ranar gamawa, awa nawa a sati, nawa ake biyan ka, ayyukan da kake yi dalla-dalla, sannan suna da sa hannun wanda ke sama da kai. Ayyukan a rubuta su yadda kake yin su a zahiri. Wanda ya kwafo jerin da ke cikin kundin Kanada kalma da kalma ya manna, ya jawo wa kansa zargi, don jami'an sun san kundinsu.

Lambar wayar da aka sa ta zama mai shiga, kuma maigida ya san da maganar. Ana kira. In aka kira ya ce bai gane wanda ake nufi ba, ko ya faɗi shekarun da suka saɓa da na takarda, magana ta ƙare.

Sannan takarda ita kaɗai ba ta cika tsayawa ba, ana son abin da zai dafa mata: kwantaragi, takardun albashi, shaidar rajista a CNSS, ko bayanin banki mai nuna kuɗi na shiga wata-wata. Mu kuwa hannu da hannu aka saba biya. Wanda ke da niyyar tafiya nan da shekara biyu ko uku, tun yau ya roƙi maigida a riƙa rubutawa ana sa hannu, ko a riƙa turo kuɗin ta hanyar da ke barin shaida. Malaman makaranta da ma'aikatan lafiya ƴan kwantaragi su adana kwafin kwantaragi da takardar kama aiki da duk takardar canjin wuri. Mai shagon kansa kuwa, a Kanada ba a karɓar shaidar da mutum ya yi wa kansa. Sai ya nuna rajistar kasuwanci, lambar haraji ta NIF, rasiɗan patanti, da takardu daga waɗanda ya yi wa aiki masu nuna abin da ya yi da abin da suka biya.

Ga wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Babbar hanyar ƙwararru ta Kanada tana neman shekara guda ta aiki a jere, awa 1,560, a sana'a guda, cikin shekara 10 da suka wuce, kuma aikin da aka biya. Aikin sa kai da sitaj marar albashi ba sa shiga lissafi. To ɗan cin rani da ke aiki wata biyar a Ikko ya dawo noma da damina, ko ya yi haka shekara shida, bai haɗa shekara guda a jere ba. Gara mutum ya san wannan tun kafin ya biya ko dala.

Kuskure na biyar: wa ya aika, wa ya fassara

Hukumomi irin WES galibi ba su karɓar takardar maki daga hannun mai ita. Makarantar ce za ta aika kai tsaye, cikin ambulan da aka liƙe aka buga wa hatimi, ko ta hanyar intanet da suka amince da ita. In ka buɗe ambulan don ka leƙa, ka ɓata shi. Wanda ya gama Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, ko Abdou Moumouni ta Yamai, ko wata makaranta a Katsina ko Zariya, ya fara zuwa ofishin rajistar ɗalibai ya ji yadda suke aikawa da tsawon lokacin da abin ke ɗauka. Da yawa kuma sun shekara da shekaru suna yawo da takardar wucin gadi ta cin jarrabawa, ba su koma sun karɓi diflom ɗin ainihi ba. A koma a karɓa, don akwai hukumomin da sai shi.

Wajen fassara, ɗan Nijar na da sauƙi guda: Kanada na karɓar takardun Faransanci yadda suke. Amma wanda ya yi karatu da Larabci, a Jami'ar Musulunci ta Say ko Sudan ko Masar, in takardunsa da Larabci suke sai an fassara. Jamus na son fassarar mai fassara da hukuma ta rantsar, Ostireliya da Ingila na son Ingilishi. A dokar Kanada kai ba ka fassara wa kanka, ɗan uwanka ma ba ya fassara maka, ko da shi ne malamin Ingilishi na gari.

Kuskure na shida: jarrabawar da ba ita ba, da takardar da ta mutu

Tun 2023 Kanada ke ware gayyata ta musamman ga masu jin Faransanci, kuma wannan dama ce ga ɗiyan Nijar da suka yi lakwal. Sai dai BAC ko lisans ba su isa shaida ba. Jarrabawa biyu kawai ake karɓa, TEF Canada da TCF Canada, kuma ana son mataki na 7 a ji, da magana, da karatu, da rubutu, duka huɗun. Wanda ya kawo DELF, ko TCF na gama-gari, ya yi asarar kuɗinsa. A Ingilishi ma IELTS iri biyu ne, na shiga jami'a da na gama-gari, kuma na gama-garin ake so a wannan tsari. Kada mutum ya ce ai na iya Faransanci ya shiga ba shiri: jarrabawa ce mai agogo, rubutu ne ya fi kada mutane. A duba jerin cibiyoyin da aka amince da su, in sai an yi tafiya a sa kuɗin mota da masauki cikin lissafi.

Kowace takarda kuma da ajalinta. Sakamakon harshe shekara 2 ne. Awon takardun karatu na Kanada shekara 5. Tantancewar Ostireliya galibi shekara 3. Takardar shaidar rashin laifi ta kotu, a nan gida wata 3 ake ba ta. In gayyatar Kanada ta zo, kwana 60 ne gare ka ka miƙa komai. Wanda sai lokacin zai fara neman tsohon maigidansa da ya koma Agadas, ya makara. Shekaru ma na tafiya da maki: a Kanada maki na raguwa daga shekara 30, a 45 ba sauran makin shekaru, Ostireliya kuma ba ta gayyatar wanda ya kai 45 a manyan hanyoyinta na maki.

Kuskure na bakwai, wanda ya fi duka: jabu da dillalai

Duk kura-kuran da muka lissafa ana gyara su a sake nema. Wannan shi ne mai rufe ƙofa. A dokar Kanada, wanda aka kama da takardar jabu ko bayanin ƙarya ana hana shi shiga ƙasar shekara 5, kuma ko ya riga ya shiga ana iya karɓe takardar zaman. Cewa "ba ni na cika ba, dillali ne" ba ta fid da kai, don da sunanka aka miƙa. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Abin ba ya tsayawa kan mai laifi kaɗai. A 2023 majalisar NMC ta Ingila ta gano maguɗi a wata cibiyar jarrabawar kwamfuta a Ibadan. Aka soke sakamakon duk waɗanda suka zauna a wurin, kusan mutum 2,000. Waɗanda suka ci da guminsu ma sai da suka sake zama.

Ga alamomin da za a gane ɗan damfara. Ya ce biza tabbas ce: ba mai iya ba da wannan tabbaci. Ya ce zai "haɗa" maka takardar aiki ko diflom. Ya ce a turo kuɗi ta lambar wayarsa, alhali kuɗin hukuma a shafin hukuma ake biya, rasiɗi ya fito da sunanka. Ya riƙe fasfonka, ko ya buɗe maka akwatin imel ya ƙi ba ka lambar sirri. A Kanada ba mai izinin karɓar kuɗi don ya wakilce ka sai lauya mai rajista a can, ko notaire na Kebek, ko mai ba da shawara da ke cikin rajistar hukumar CICC, kuma rajistar a buɗe take, kowa na iya duba suna.

Dillalai na cin kasuwa da tsohon labari. Tun watan Maris na 2025 Kanada ta daina ba da ƙarin maki saboda tayin aiki a Express Entry. Tun watan Yuli na 2025 Ingila ta rufe ɗauko masu kula da tsofaffi daga waje. Nijar da Najeriya duka suna cikin jerin ƙasashen da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce suna da ƙarancin ma'aikatan lafiya, shi ya sa ƙa'idar Ingila ta hana kamfanoni zuwa farautar ma'aikatan jinya a cikinsu. Mutum na iya nema da kansa, amma wanda ya zo gari yana tara sunaye wai Ingila ta aiko shi, a yi hattara. Haka bizar Umara ba ta aiki ba ce, ko me dillali ya ce.

Cin tantancewa ba samun biza ba ne

Wani da takardar WES ta fito sai gida ya ɗauka tafiya ta tabbata, a fara saida kaya. A'a. Takardar na cewa karatunka ya yi daidai da mataki kaza ne kawai, wani lokaci ma ƙasa da yadda ka zata. Bayanta akwai gasar maki, da gwajin lafiya, da binciken hali, da shaidar kuɗin zama. Kuɗin nan ma ba a yarda a ranto su ba, kuma banki zai nuna yadda asusun ya kasance wata 6 baya, don haka miliyoyin da suka faɗo dare ɗaya sai an yi bayaninsu. Bayan an isa, sana'o'i irin jinya da likitanci da koyarwa, da lantarki a larduna da yawa, sai an sake samun lasisin wurin kafin a taɓa aiki. Lardin Kebek kuma, inda aka fi jin Faransanci, yana da tsarin zaɓensa daban.

Ga ƴan uwa da ke waje, da iyaye a gida

Ku da ke Kanada, Beljiyam, Jamus, Jidda ko Abijan, taimakon da ya fi turo kuɗi shi ne ku buɗe shafin hukuma ku karanta wa ƙanenku sharuɗɗan da ke aiki yau, ba na shekarar da kuka tafi ba. In za ku biya, ku biya hukumar kai tsaye. Ku faɗa masa gaskiyar tsadar haya da wuyar shekarar farko. In kun ga bai cika sharuɗɗa ba ku gaya masa, ko zai ji haushi. Haushin wata guda ya fi asarar gona sauƙi.

Iyaye kuma, kafin a kira shaidu a jinginar da gona ko a kai sa kasuwa, ku zaunar da yaro ku yi masa tambaya huɗu. Wace ƙasa, kuma wace hanya ce da sunanta? Wace hukuma ce ke tantance sana'arka? Takardunka duka suna guda da ranar haihuwa guda suke ɗauke da su? Kuɗin nan hannun wa za su shiga, kuma wane rasiɗi za a ba mu? In ya kasa amsa ɗaya, lokacin biya bai yi ba. Ƙasa ta yi ƙaranci a yankin nan, kowa ya sani, gonar da ta fita hannu da wuya ta dawo.

Wanda ya ga bai kai ba bana, bai yi asara ba. Gyaran takardar haihuwa, karɓo diflom, rajistar shago, rubuta albashi, duk ba su kai kuɗin dillali ba, kuma suna da amfani ko ba a je ko'ina ba: da su ake neman kwangilar gidan magajin gari, da su ake shiga gasar ɗaukar aiki, da su banki ke sauraren mutum. A fara da tabarmar nan da jera takardu. Sauran matakai, kowane ya jira na gabansa ya kammala.

Mai tambaya kan wata sana'a ko wata ƙasa da ba mu taɓo ba, ya aiko da saƙo gidan rediyo. Allah ya ba kowa sa'a, ya kai matafiya lafiya ya maido su lafiya.